Yadda ake tsabtace injin suyar gahawa na gida da kula da shi

Duk wanda ya taɓa soya gyaɗa a yashi ya san jan ɓawon nan da ke saki idan aka murza, a hura iska ya tashi. Ƙwayar gahawa ma tana da irinsa, sai dai nata ya fi siriri, kuma ba ya jiran a murza. Da zarar zafi ya ratsa ta ta kumbura, shi ke nan ya saki da kansa a cikin injin. Rabin aikin kula da injin suya bin sawun wannan ɓawo ne. Ɗaya rabin kuwa maiƙo ne. Gahawa tana da mai a jikinta, nau'in arabika ya fi robusta yawansa, kuma idan suya ta yi nisa sai man ya bi hayaƙi ya manne a duk inda hayaƙin ya ratsa, kamar yadda kunkunniya ke taruwa a rufin ɗakin girki. Ɓawo yana kama wuta, maiƙo kuma yana toshe hanyar iska ya makantar da ma'aunin zafi. Idan suka haɗu wuri guda, ɓawo ya manne a kan maiƙo, nan ne matsala take fara girma ba tare da mai injin ya ankara ba.

Na fara wannan suya ne da injin gugguru, irin mai hura iska mai zafi, kafin na sayi ƙaramin inji mai ganga. Wata shida na yi ina zargin ɗanyar gahawar da nake saye, wai ta tsufa, saboda duk abin da na soya sai in ji ɗan ƙauri a bayan harshe. Ranar da na kwance murfin baya na ga fankar, sai na gane laifina ne. Fikafikanta sun yi kauri da baƙin danƙo, tana juyawa amma ba ta jan hayaƙi, gahawar tana dahuwa a cikin hayaƙinta.

Ka fara sanin irin injinka

Injinan gida iri biyu ne a dunƙule. Akwai masu iska, irin su Fresh Roast, waɗanda fanka ke hura zafi daga ƙasa ƙwayoyin suna tsalle a cikin kwalbar gilashi, ɓawon kuma yana tashi sama ya tsaya a hular da ke da raga. Akwai masu ganga, irin su Behmor da Hottop da Aillio Bullet, inda ganga ke juyawa tana motsa ƙwayoyin. Gene Cafe ya ɗauko daga kowanne: kwalbar gilashi ce mai juyawa a karkace, iska mai zafi na ratsa ta. Bambancin yana da amfani wajen wanki. A mai iska, komai ya dogara ga ragar sama da ƙofar shigar iska ta ƙasa. A mai ganga, wuraren ɓuyan datti sun fi yawa: ƙarƙashin ganga, bayan tire, fanka, da bututun fitar hayaƙi.

Ka nemo littafin da ya zo da injin ka karanta sashen tsabta tun daga farko har ƙarshe. Abin da zan faɗa a nan ya shafi kowane inji, amma wane noti ake fara kwancewa, wane sashe ne ba a taɓawa, wannan sai littafin.

Kayan aikin ba su da yawa: buroshin fenti sabo mai laushi wanda bai taɓa shiga fenti ba, tsohon buroshin haƙori, tsumman auduga masu tsabta guda uku ko huɗu, tsinken goge kunne, sukundireba, sabulun ruwa na wanke-wanke marar ƙamshi mai ƙarfi, sifirit, roba mai faɗi ta jiƙo, da gwangwanin ƙarfe mai murfi. Idan ka samu hodar da ake wanke injinan gahawa da ita, irin su Cafiza ko Puly Caff, ta fi komai narkar da maiƙon gahawa. Injin zuƙar ƙura yana sauƙaƙa aiki sosai, amma buroshi ma yana yi.

Bayan kowace suya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma ba ya cin minti biyar.

Da farko ka bar injin ya gama sanyaya kansa. Kusan kowane inji yana da zagayen sanyaya, inda zafi ke mutuwa amma fanka ta ci gaba da aiki. Kada gaggawa ta sa ka zare waya da zarar ka juye gahawa. Ƙarfen zafin, wato wanda ke ba injin zafi, yana nan jajir, kuma idan fanka ta tsaya zafin da ya rage ba shi da mafita, sai ya koma kan wayoyi da robobi da allon lantarkin injin. Injina da yawa ta nan suke mutuwa a hankali.

Ya huce, sai ka zare wayar daga soket. Kashe makunni kawai bai isa ba ga wanda zai sa hannu a ciki.

Ka ciro matarar ɓawo, ko hula ce ko tire ne, ka juye a gwangwanin ƙarfen nan, ka rufe. Ban ce kwandon shara na roba ba, ban ce leda ba. Ɓawon gahawa yana iya riƙe ɗan garwashi a tsakiyarsa alhali samansa ya yi sanyi, kamar yadda ƙaiƙayi ke cin wuta a ɓoye. Saboda wannan dalilin ne ma ba a zuƙe ɓawo mai zafi da injin zuƙar ƙura: iskar da ke cikinsa za ta hura garwashin a cikin jakar da ke cike da busasshiyar ƙura. Ka jira sai ka iya sa tafin hannunka a kan tiren ba tare da ka janye ba.

Sannan ka ɗaga ragar matarar ka duba ta a haske. Idan kana ganin haske ta kowane rami, lafiya. Inda ya dushe, ka bi da buroshin haƙori a bushe. Ka share cikin injin da buroshin fenti, daga sama zuwa ƙasa, daga lungu zuwa bakin ƙofa. A kusa da ƙarfen zafi ka sassauta hannu. A wasu injinan sandunan gilashi ne masu saurin fashewa, kuma ba a son ko yatsa ya taɓa su.

Abu na ƙarshe, wanda mutane suka fi mantawa: ka juya gangar a hannunka ka leƙa ko akwai ƙwayar da ta maƙale. Gangar da aka yi da raga tana riƙe ƙananan ƙwayoyi da gutsattsari, musamman gahawar Yaman da wasu na Habasha da ƙwayarsu ba ta da girma. Ƙwayar da ta kwana a raga za ta sake shan suya ta biyu da ta uku har ta zama gawayi, ta ba sabuwar gahawarka ƙauri, wata rana kuma ita ce za ta fara kamawa. Tsinke ya isa ya zungure ta. Maganin wannan tun kafin suya ne: ka baza ɗanyar gahawa a faranti ka tsince ta kamar yadda ake tsince shinkafa, ka fitar da tsakuwa da gutsattsari da zaren buhu.

Yawan ɓawo ya danganta da gahawar. Wadda aka shanya da ɓawon 'ya'yanta a rana, kamar ta Harar a Habasha da yawancin ta Burazil, tana zubar da ɓawo fiye da wadda aka wanke kafin shanya. Idan irin wannan kake soyawa, kada ka taɓa haɗa suya biyu ba ka juye matara a tsakani ba, ko da kana ganin akwai sauran wuri.

Wanki bayan suya biyar

Kamfanin Behmor ya ce a tsabtace injinsa bayan kowace suya biyar, kuma wannan adadi ya yi daidai da yawancin ƙananan injina. Amma ka duba irin suyarka. Ƙwayar gahawa tana fashewa sau biyu: ta farko a wajen digiri 196 na Salshiyos, mai ƙara kamar ta gugguru, ta biyu a wajen digiri 224, mai siririyar ƙara kamar ana karya tsinke. Daga fashewa ta biyu ne mai ke fitowa fili, hayaƙi ya yi kauri. Wanda ke tsayawa jim kaɗan bayan ta farko zai iya ɗan jinkirta wanki. Wanda ke son gahawa baƙa wuluk mai sheƙi, irin ta jabana, tulun dafa gahawa na Habasha da Sudan, gara ya wanke bayan suya uku.

Ka ciro duk abin da ke ciruwa ba tare da sukundireba ba: matara, raga, kwalbar gilashi, tire. Ka zuba ruwan zafi a roba, ka sa hodar wankin gahawa gwargwadon yadda aka rubuta a jikin gwangwaninta, ko sabulun ruwa idan babu. Ka jiƙa minti 20 zuwa 30. Za ka ga ruwan ya koma kamar shayi mai kauri. Jiƙon shi ke yin aikin, ba ƙarfin damtse ba. Bayan ya jiƙu buroshin haƙori kaɗai ya isa ya fitar da abin da ya rage a idon raga.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, alminiyum ba ya shiri da hodar nan, kuma ba ya shiri da kanwa ko ruwan toka ko maganin wanke oben. Duk suna cin sa, su bar shi ya yi baƙi ya yi kaushi. Na san hannu ya saba da toka da soson waya wajen fitar da baƙin tukunya, amma wannan ba tukunya ba ce. Idan ba ka tabbatar da irin ƙarfen ba, ka tsaya a kan sabulun ruwa da ruwan ɗumi. Na biyu, gilashi. Kada ruwa ya taɓa kwalbar da ke da sauran zafi, domin za ta tsage nan take, ko ta yi tsagar da ido ba ya gani sai ranar da ta cika da gahawa mai zafi. Soson waya kuma yana karce ta, karcen ya zama wurin da maiƙo zai riƙa kamawa. Soso mai laushi kawai.

Ka ɗauraye sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta. Gahawa tana ɗaukar wari kamar yadda madara ke yi, ɗan sabulun da ya rage a raga sai ka ji shi a kofi. Ka goge, ka shanya a inuwa sai ya bushe ƙarau kafin ka mayar.

Jikin injin kansa ba ya shiga ruwa, kuma ba a fesa masa komai kai tsaye. A tsumma ake sa ruwan sabulu, a matse sosai, a goge bangon ciki, a bi da wani tsumman mai ruwa zalla, a bi da busasshe. Bangon ciki na injina irin Behmor an yi shi da sheƙi ne don ya mayar da zafi kan ganga. Idan ya dushe da maiƙo sai suya ta riƙa ja. Tagar gilashin ƙofa ma ka goge ta har sai kana ganin ciki tangaran, domin da ido ake gane launin gahawa, da ido kuma ake fara ganin wuta.

Sai ma'aunin zafi, wanda shi ne idon injin. A wasu siririn ƙarfe ne da ya leƙo cikin ganga, a wasu yana ɓoye a bayan bango. A Behmor yana lungun baya na ƙasa ta hannun dama, shi ya sa ake nanata a tsabtace wannan lungun. Aillio Bullet yana da wani ma'aunin da ke auna zafin ƙwaya daga nesa ba tare da ya taɓa ta ba, kuma datti kaɗan ya isa ya sa shi ƙarya. Ma'aunin da maiƙo ya lulluɓe yana jin zafi a makare. Injin zai riƙa nuna maka adadin da bai kai na gaskiya ba, ka ƙara wuta, gahawa ta ƙone kana kallon lambar da ke cewa komai lafiya. Ka jiƙa tsinken goge kunne da sifirit ka goge a hankali, kada ka lanƙwasa ƙarfen, kada ka matsar da shi daga inda yake. Ka bar sifirit ɗin ya bushe sarai kafin ka kunna.

Akwai wuri ɗaya da ba na so ka kankare: cikin ganga mai rufaffen jiki ta baƙin ƙarfe. Siririn man gahawar da ya shige ta ya zame mata kariya, kamar yadda tsohon kaskon tuya ya fi sabo, kuma kamar yadda mai tanda ba ta kankare tandarta da sabulu kullum. Masu ƙera Bullet ma sun ce a fara da 'yan suyoyi na zubarwa don gangar ta sha mai kafin a soya gahawar da za a sha. Wannan buroshi da busasshen tsumma ya ishe ta. Idan ka ga ƙanzo ya yi tudu yana ɓamɓarewa, shi kaɗai za ka kankare da katako ko buroshi mai tauri. Gangar raga ta ƙarfe marar tsatsa kuwa tana iya shiga jiƙo.

Bayan ka harhaɗa komai, ka kunna injin fanko, ba gahawa a ciki, ya yi zagaye guda cikakke har da sanyaya, idan littafin injinka ya yarda da haka. Wannan yana ƙone sauran maiƙo da warin sabulu, yana kuma busar da damshin da ya ɓuya. Ka tsaya a wurin har ya gama.

Babban gyara

Duk wata uku ko huɗu ga mai suya sau biyu a mako, sai a shiga inda hannu ba ya kaiwa. Ka zare waya. Kafin ka kwance noti ko ɗaya ka ɗauki hoto da wayarka, ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki, ka jera notocin a faranti bisa tsarin da suka fito. Idan injin yana cikin garanti, ka duba ko buɗe shi zai soke garantin.

Fanka ce ta fi buƙatar kulawa. Ka riƙe ta da yatsa kada ta juya, ka goge kowane fiffike da buroshin haƙori da ɗan sifirit. Ka goge su duka daidai. Idan ka tsabtace rabi ka bar rabi, nauyi zai karkata, ta fara rawa tana cin boris ɗinta. Idan ana iya zare ta daga motar lantarkin da ke juya ta, ka jiƙa ta ita kaɗai, motar kuwa ko ɗigon ruwa kada ya taɓa ta. Bututun hayaƙi, idan ka haɗa wa injinka, ka cire ka leƙa. Baƙin danƙon da ke cikinsa yana kama wuta. Na ƙarfe ana wanke shi. Mai lanƙwasuwa irin na takardar alminiyum gara a sauya sabo. Injinan da ke da matatar hayaƙi, kamar Hottop, ana sauya matatar ne idan lokacinta ya yi.

Inda ganga ke juyawa a kan sanda, idan ka fara jin ƙiiƙii, ɗan giris ake sawa, amma irin wanda aka yi don injinan abinci kuma mai jure zafi, gwargwadon kan ashana. Kada ka sa baƙin mai ko giris ɗin mota, kada ka fesa man kwance noti, warinsu zai shiga gahawa. Man gyaɗa ma ba ya yi, domin zafi na mayar da shi danƙo ya ƙara riƙe sandar. Ka duba robar bakin ƙofa ko ta tsage, ka ƙara ɗaure notin da ya saki saboda zafi da sanyi, ka shafa wayar wuta daga kai har gindi ko akwai inda ta yi laushi ko ta canza launi.

Ƙura, damina da wutar lantarki

Wanda ke suya a Kano ko Zinder yana da wata matsalar da littafin injin bai yi tunaninta ba. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, kuma injin iska daga ƙasa yake zuƙa. Ka goge teburin kafin ka kunna, kada ka ɗora shi a ƙasa ko a kan darduma, ka riƙa share ramukan shigar iska duk mako. Da damina kuma tsatsa ce abin tsoro ga gangar baƙin ƙarfe, don haka kada ka rufe shi da sauran damshi. Ka lulluɓe shi da ƙyallen auduga bayan ya huce, ba leda ba. Kada ka bar ɓawo ko ƙwaya ta kwana a ciki, kyankyasai suna son ɗumin allon lantarki, kuma suna lalata shi.

Injinan nan suna cin wuta sosai, yawancinsu wat 1,300 zuwa 1,700. Su sami soket nasu su kaɗai, ba siririyar wayar ƙari da aka haɗa da firji ba. Idan wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 200, zafin da ƙarfen ke bayarwa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai suya ta ja, ka zaci injin ne ya lalace. Wanda ya yo odar injinsa daga Amurka kuma ya duba bayansa tukuna: idan an rubuta bolt 120, sai da taransifoma mai ƙarfin da ya zarce abin da injin ke ci, in ba haka ba kunnawar farko ce ta ƙarshe. Idan aka ɗauke wuta kana tsakar suya, ganga ta tsaya, fanka ta tsaya, ƙwayoyin suna kwance a kan ƙarfe mai zafi. Ka kashe makunni, ka sa safar hannu mai kauri, in ba ka ga alamar wuta a ciki ba ka fitar da gahawar ka juye a faranti na ƙarfe, ka bar injin a buɗe ya sha iska.

Ka ajiye ɗan littafi kusa da injin. Kowace suya ka rubuta nauyin ɗanyar gahawa, minti nawa aka yi kafin fashewar farko, da nauyinta bayan suya, wanda yakan ragu da kashi 12 zuwa 20 cikin ɗari. Ka sa alama a ranar wanki. Idan gahawa iri ɗaya, nauyi ɗaya, ta saba fashewa a minti tara, yanzu ta koma sha ɗaya, ka fara duba ƙarfin wuta. Idan wuta lafiya, to bango ko ma'auni ya yi datti. Idan hayaƙi ya fara fita ta gefen ƙofa maimakon ta bututu, ko ka ga ɓawo yana fitowa tare da gahawa maimakon ya tafi matara, hanyar iska ce ta toshe.

Idan wuta ta kama

Kada ka taɓa barin injin yana suya ka shiga ɗaki, ko da amsa sallama ne. Sababbin injinan Behmor har kashe kansu suke yi idan an ci kashi uku cikin huɗu na lokaci ba a danna maɓalli ba, don dai a tilasta wa mai suya tsayawa. Ka yi suya a inda iska ke ratsawa, domin hayaƙin yana ɗauke da iskar nan marar wari mai kisa, irin wadda janareta da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki. Ka ajiye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai.

Ɗan tartsatsin ɓawo da ya haska ya mutu ba abin firgita ba ne, amma alama ce ta cewa matara ta cika. Idan kuwa ka ga harshen wuta ya tsaya a ciki, kada ka buɗe ƙofa. Wutar tana neman iska ne, buɗewa shi ne ba ta abin da take so. Ka kashe injin, ka zare waya, ka janye duk abin da ke kusa, ka bar ta ta shaƙe. Ba a watsa ruwa a injin da ke haɗe da lantarki. Idan ta fito waje ta fi ƙarfin tukunyar, ka fitar da mutanen gida ka kira 'yan kwana-kwana.

Injin da ya taɓa kamawa ba a sake kunna shi sai an buɗe an duba wayoyi da robobi da gilashi ɗaya bayan ɗaya, an wanke kunkunniyar da wutar ta bari, an yi masa zagayen fanko a tsakar gida kana tsaye a kansa.

Ɓawon da ya taru a gwangwani kuwa, bayan ya kwana ya huce sarai, ka yayyafa masa ruwa kada iska ta kwashe, ka cakuɗa shi da takin da za ka zuba a gindin shuka.